Hannun Lantana

A Garwa, gangaren gada,
inda Binuwai kan janye jiki da rani
ya bar wa yara yashi da laka,
nan babanmu ke narka gwangwani
yana zuba tukwane.
Ni ke zuga. Ke kuwa, Lantana,
ba zuga, ba ɗebo gawayi,
kina can kina murza laka:
shanu masu ƙahon ƙaya,
dorina mai kunne ɗaya.
Inna ta ce, yarinyar nan
hannunta ya riga bakinta wayo.

Aikinki na fari da aka biya,
'yan wasan kwaikwayo ne suka zo neman kogi.
Kogi, a kan dandamali, a cikin ɗaki!
Jaka biyar suka ajiye.
Kika tsinto ledar ruwa ɗari bakwai,
kika wanke, kika ɗinke da zaren buhu,
kika tsai da ni da Gambo bayan labule
muna girgizawa har kafaɗa ta mutu.
Da aka kunna fitila,
wata tsohuwa a layin gaba
ta tattare zanenta kada ya jiƙe.
Daren nan ba ki ci tuwo ba.

Sai maganar gari ta taso:
'yar maƙeri na sassaƙa gumaka.
Malam Hamajoda ya zo da kansa,
ya kewaya abin sau biyu, hannu a baya.
Ya ce, ina fuskar?
Kika ce, babu fuska, Malam,
sarƙar babur ce, da bakin garma,
da murfin tukunyar da ta ƙi zubuwa.
Ya daɗe tsaye.
Ya ce, garmar nan ta yi noma da yawa.
Ya sa takalminsa ya tafi.

Daga nan sai hanya.
Kin sayi ruɓaɓɓen kwalekwalen Ndotti masunci,
wanda ko itacen girki bai kai ba,
kin rataye shi sama da igiya tara
a wani zaure a Duwala,
ƙarƙashinsa yashi, da koma yagaggiya,
da takalman roba, kowane ba ɗan'uwansa.
Mutane na shiga da surutu,
su ɗaga kai, su rage murya.
Da za a haye teku da shi,
ma'aikacin tasha ya leƙa akwati,
ya rubuta a takarda: tarkace.
Kin sa takardar a gilashi.
Tana nan bisa ƙofar shagonmu.

Masu cewa kin yi kuɗi
ba su ga littafin bashin mai walda ba.
Ba su ga shekarar da ba wanda ya kira,
kika koma fentin allon shaguna,
kina zana kifi da kan aski,
kina kuka a ɓoye bayan tarin ƙarfe.
Na ji. Na yi kamar ina neman guduma.

Yanzu furfura ta leƙo ƙarƙashin ɗankwali.
Wutar walda ta ci rabin idon hagu.
Tafin hannunki kamar bayan kada,
zobe ba ya shiga.
Baba ya rasu bai gane aikinki ba,
amma ya bar miki zugazuginsa,
ni da na zuga shekara ashirin bai bar mini ba.
Na yi fushi wata biyu. Ya wuce.

Jiya na gan ki a gangaren gada,
ruwa ya ja baya,
wani yaro na murza laka.
Kika durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara,
kika tambaye shi, me ya sa
dorinarka ba ta da kunne?
Ya ce, tana cikin ruwa ne, Hajiya.
Kika ce masa ya zo shago gobe,
ya taho da ita.